Daga Giginya Zuwa Dutsen Zuma

Mai karatu, in Allah ya kai ka ƙasar Gadarif a gabashin Sudan da kaka, ka nemi hanyar Ƙala'at an-Nahal. Gari ne a gindin duwatsu, a kan tsohon layin dogon da ya haɗa Sinnar da Gadarif, sunansa kuwa da Larabci yana nufin dutsen ƙudan zuma. Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da damina ta kama ƙafa har ta raba ka da takalmi, da rani ta dare har tafin hannu ya shige. Dawa da riɗi ake nomawa, ana kuma ɗiban ƙaro. Ka tsaya bakin gona ranar yankan riɗi ka kasa kunne. Cikin Larabcin da ake yi, sai ka ji wani ya ɗaga murya yana ce wa ɗan'uwansa ya miƙo lauje, da Hausa garau. Me ya kawo Hausa nan, fiye da kilomita 3,000 daga Sakkwato?

Hanyar hajji ce ta kawo mafi yawansu, wasu tun kafin zuwan Turawa. Amma akwai wata safiya da ta mayar da siririyar hanyar nan gwadabe.

Ranar 15 ga Maris 1903, rundunar Ingila ta ja daga a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu watansa biyar kacal a kan gado. Yana da dawakai da māsu da takubba, su kuwa suna da igwa da bindiga mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa. Yaƙin bai daɗe ba. Wasu mazaje suka kewaye tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gusawa, aka yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sauran jama'a suka watse cikin daji, kowa da tambaya guda a ransa: yanzu ina aka nufa?

Manyan mutane biyu suka ba da amsa iri biyu. Attahiru ya juya akalar dokinsa gabas. Wazirinsa, Muhammadu Buhari, jikan gidan Giɗaɗo ɗan Laima, ya yada zango a Marnona da tarin jama'a a bayansa, da tsofaffi da mata da goyo. A bi Sarki zuwa inda ba a sani ba, ko a koma birnin da Nasara ya riga ya shiga? Da kai ne Waziri, mai karatu, ga idanun nan duk a kanka, wace hanya za ka nuna?

Kada ka yi saurin amsawa, domin kowane ɓangare da hujjarsa a hannu. Daular Sakkwato kanta da hijira aka kafa ta. Shehu Usmanu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, ya kuma wallafa littafi sukutum kan wajabcin hijira, Bayanu Wujubil Hijra. Ga kuma zancen da aka gada tun daga Shehu, cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za ta tashi ta nufi gabas, wajen kogin Nilu. Wanda ya taso da wannan a kunnensa, ya ga Nasara a ƙofar gari, ai ba ya bukatar a ce masa lokaci ya yi. A ɗaya ɓangaren, malamai sun san Alƙur'ani ya yi rangwame ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Ayar tana cikin Suratun Nahli, surar da sunanta ya zo ɗaya da na garin da muka faro da shi.

Waziri ya tara malaman da ke tare da shi, aka duba littattafai, aka tsaya a kan cewa ya halatta a yi wa mai ƙarfi biyayyar baki don tsare rai da addini. Ya koma Sakkwato. Ranar 21 ga Maris, Gwamna Lugga ya tabbatar da sabon Sarkin Musulmi, wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa salla da masallaci ba. Da alama magana ta ƙare. A zuciyar Waziri kuwa ba ta ƙare ba.

Nan ne labarin ya fi kama ni. Buhari ya kasa samun natsuwa. Yana tsoron kada abin da ya kira lalura ya zama son rai ne ya yafa rigar lalura. Ya kai damuwarsa ga Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, shi kuwa ya kwantar masa da hankali da cewa in kowa ya tashi, wa zai rage ya riƙe Musulunci a ƙasar? Duk da haka sai da Waziri ya zauna ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi, yana bayyana dalilinsa dalla-dalla. Ka lura da kyau. Mutumin da aka ɗaure aka ja shi ba ya rubuta wa kowa uzuri, igiyar ta isa shaida. Waziri ya rubuta ne don ya san ƙofa ba ta rufe duka ba. Akwai ɗan zaɓi a hannunsa, komai ƙanƙantarsa, kuma a kan wannan ɗan zaɓin za a tambaye shi ranar gobe.

Shi kuwa Attahiru ɗan Ahmadu, da ya fita da 'yan tsirarun mutane, sai ƙasa ta motsa. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, duk inda ya wuce ƙauyuka na tashi. Lokacin sharar gona ne da jiran ruwan shuka, amma manomi ya jingine fartanya, ya ɗora tabarma da ƙwarya a kan jaki, ya bi ayari. Sarakunan da Turawa suka kora suka haɗu da shi, irin su Etsu Abubakar na Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Turawa suka ga in aka bar wannan tafiya, za su wayi gari suna mulkin kufai. Attahiru ya aika musu cewa ba yaƙi yake nema ba, hanya yake nema. Ba su ba shi ba.

Bari in tsaya kan wasu mutane da ba a cika ambatonsu ba. A cikin ayarin akwai bayi. Ubangijin bawa in ya ce ɗauki kaya, ba a tambayar bawa ra'ayinsa. Hadisin farko da kowane almajiri ke haddacewa a Arba'una ya rataya aiki a kan niyya, misalin da ya kawo kuwa hijira ce. To, wanda aka ɗora wa kaya aka ce bi, hijirar wa yake yi? A shekarun nan ne kuma bayi da yawa suka ga iyayen gijinsu sun rasa ƙarfi, suka sulale suka nemi garuruwansu na asali. Abin da ya zama ƙangi ga mai rawani ya zama ƙofa ga mai ɗaukar kayansa. Ban kawo wannan don rage darajar waɗanda suka ba da rayukansu ba. Na kawo shi ne don in ka ce da kai ne da ka bi Sarki, ka fara tambayar kanka: a matsayin wa, mai doki ko mai jan dokin?

Tafiya ta tsaya a Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe. Ranar 13 ga Mayu mutanen garin suka kori wata rundunar Turawa da ta zo musu. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka dawo da ƙarfi. An gwabza tun da hantsi har yamma, lungu-lungu. Shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ta kashe shi. Fiye da mutum 600 suka kwanta a ɓangaren Musulmi. Da aka nemo gawar Attahiru, a ƙarƙashin gawawwakin mutanensa aka same ta. Tutar nan ta Giginya, da aka sake ɗagawa a Burmi, Turawa suka naɗe ta suka tafi da ita. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Amma ba duka aka gama da su ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a, suka ci gaba da tafiya. Sun ratsa ƙasashen da yau ake kira Chadi, a ƙafa da kan jaki, ana tsayawa a yi noma a samu guzuri, ana binne wasu a gefen hanya, ana haihuwar wasu a zango. Wajen 1906 suka iso gaɓar Bahar Azrak, reshen Nilu mai gangarowa daga Habasha, kusa da garin Shehu Ɗalha a kudu da Sinnar. Ga kogin da aka yi musu alkawari. Ka san wanda suka tarar yana mulkin bakin kogin?

Bature. Ba ma wani Bature dabam ba, na Ingila. Tun ranar 2 ga Satumba 1898 aka karya rundunar mabiyan Mahadi a Karari, bayan Umdurman, shekara huɗu da rabi kafin Giginya. Ƙasar da suka kwashe shekara uku suna nufa don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, Nasaran ya riga su isa.

Wani zai ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni ban ga abin dariya a nan ba. Ka sa kanka a takalmin Mai Wurno: mahaifinka na kwance a Burmi, bayanka dubban mutane da ƙafafunsu suka farfashe, gabanka teku da Hijaz. Wasu sun wuce. Alfa Hashim, na gidan Alhaji Umaru Futi, wanda shi ma ya biyo ta Burmi, ya kai Madina ya zauna har ƙarshen ransa. Amma a ɗauki al'umma guda a tsallaka da ita Bahar Maliya? Mai Wurno ya dubi jama'arsa ya tsaya. Ya kafa gari a gaɓar kogin, garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Turawan Sudan, da ke neman manoma ido rufe, suka amince da shi a matsayin sarkin mutanensa, suka ba shi ƙasa. Wato ɗan Attahiru, bayan tafiyar shekara uku, ya iso daidai mararrabar da Waziri Buhari ya tsaya a Marnona, kuma hanyar Waziri ya ɗauka.

Kada kuma ka ɗauka waɗanda suka zauna gida sun sha da daɗi. A 1906 ɗin nan ne talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore. Aka murƙushe su, aka shafe garin, masarautar Sakkwato kuwa tana ɓangaren Turawa. Wannan yana cikin kuɗin zama. Amma a shekarar ce kuma aka haifa wa Waziri Buhari ɗa, Junaidu, wanda ya zama Waziri a 1948, ya tsare littattafan jihadi a gidansu, ya rubuta tarihin da muke karantawa. Da mahaifinsa ya bi ayari, wa ya san inda takardun nan za su ƙare?

Garin Mai Wurno ya zama masaukin maniyyata da yawa da suka taso daga ƙasar Hausa da Barno. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, jirgin ƙasa ya ratsa ta Ƙala'at an-Nahal zuwa Gadarif kafin 1930. Mai niyyar hajji ya ce bari in yi damina ɗaya in tara kuɗin jirgin ruwa. Damina ɗaya ta zama goma. Haka ƙauyukan Hausawa da Fulani suka bazu a bakin kogin Dindir da Rahad, har cikin baƙar lakar Gadarif.

Sauran ciwon yana gaba. Da Sudan ta samu 'yancin kai, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko iyayensa suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Burmi sun makara da shekara tara. An sassauta dokar daga baya, amma kalmar baƙo ba ta bar bakin mutane ba. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta a jihar Bahar Azrak ya ci rayuka fiye da ɗari, Hausawan Gadarif da Kasala suka fito kan titi suna cewa su ma 'yan ƙasa ne.

To mai karatu, na sake tambayarka, yanzu da ka ga ƙarshen hanyoyin biyu: a Marnona, ina za ka nuna? Ni dai na kasa ɗora wa ko ɗayansu laifi. A 1960, shekarar da Nijeriya ta samu mulkin kai, Ingila ta mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku tutar da aka ɗauke a Burmi. Tutar ta koma Sakkwato. Jikokin waɗanda suka tsaya a ƙarƙashinta suna can gabas, tsakanin Mai Wurno da Gadarif, suna yankan riɗi.