Kiwon Dodon Koɗi a Bauchi: Shirin Ɗaki da Ƙasa

Dodon koɗi dabbar kurmi ce. A kudancin Nijeriya, inda ruwan sama yake yawaita, kuma ƙasa take kwana da laima ƙarƙashin ganyaye, tsintarsa ake yi a daji, a kai kasuwa. Naman yana da tsada, musamman da rani, sa'ad da na daji suka ɓuya. Gidajen abinci da otal-otal na garin Bauchi, da 'yan Kudu mazauna garin, suna neman sa, amma yawancin wanda ake samu daga nesa ake kawo shi. Wannan ne ya sa waɗansu magidanta suka fara sha'awar kiwonsa a bayan gida. Sana'a ce wadda ba ta bukatar fili mai yawa, ba ta da hayaniya, ba ta kuma da wari idan an kula. Sai dai lalle mai niyya ya san cewa abincin dodon koɗi ba shi ne abin wahala ba, domin ganyen gwanda da latas da kabewa duk yana ci. Abin da yake kashe shi a Arewa shi ne bushewa.

Damina a Bauchi takan kama daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai hunturu da busasshiyar iskarsa, sa'an nan bazara, wadda zafinta a watannin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40. Dodon koɗi kuwa ya fi walwala tsakanin digiri 25 da 30, cikin iska mai laima. Da zarar ya ji bushewa sai ya shige kwansonsa, ya toshe baƙin da wani farin yaɗi, ya daina ci, ya daina girma, ya daina ƙwai. Yana iya yin watanni a haka. A daji wannan dabara ce ta tsira, amma ga mai kiwo hasara ce, domin ƙanana ba su cika farkawa ba. Saboda haka aikin ɗaki da ƙasa guda ne, watau su riƙe wa dabbar damina har tsawon wata bakwai ɗin da sama ba ta zubar da ruwa.

Wuri da Ɗaki

A zaɓi wuri mai inuwa wadda ba ta gushewa da tsakar rana, kamar gindin mangwaro, kuma katanga ko zana ta tare shi daga gabas da arewa, inda iskar hunturu take bugowa. Ya kasance kusa da rijiya ko famfo. Wanda unguwarsu takan yi fama da ƙarancin ruwa a bazara, gara ya haƙura da wannan kiwo tun bai zuba kuɗinsa ba.

Mai farawa yana iya amfani da tsofaffin tayoyin mota uku ko huɗu, a ɗora su bisa juna, a rufe da ragar waya. Wanda ya fi wannan shi ne akwatin katako mai ƙafafu, tsawonsa ƙafa 3, faɗinsa ƙafa 3, zurfinsa ƙafa 1 da rabi, a huhhuda gindinsa domin ruwa ya tsiyaye. Amma akwati yana saurin bushewa da hunturu, gara kuma tana cin katako. Abin da ya fi dacewa da Bauchi shi ne gurbi na bulo, wanda aka nutsar da rabinsa cikin ƙasa, domin sanyin ƙasa yana taimako ƙwarai. A bar masa mafitar ruwa, a toshe ta da raga, don kada ruwan Agusta ya kwanta a ciki. Murfi ya zama na ragar waya haɗe da ragar sauro. Rumfar da za a yi a sama ta ciyawa ce ko zana. Kwano yana tara zafi, ba a son sa. Da hunturu a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara bisa murfin. Gurbi mai ƙafa 3 kowane gefe kada a zuba masa manya fiye da 10.

Ƙasa

A nan ne yawancin masu kiwo suke yin sakaci. Ƙasa ba shimfiɗa kaɗai ba ce ga dodon koɗi. A cikinta yake fakewa da rana, a cikinta yake tona rami ya binne ƙwai, daga cikinta kuma yake samun laima da wani kashi na sinadarin alli wanda yake gina kwansonsa da shi. Rairayi ba ya riƙe ruwa. Laka kuwa da damina ta yi caɓi, da rani ta ƙanƙare kamar dutse, ƙananan da suka ƙyanƙyashe su kasa fitowa. Jar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda ake gani a gindin duwatsun Bauchi, ita ma ba ta yi ba. Wadda ake so ita ce baƙar ƙasa mai laushi, wadda ganye ya ruɓe a cikinta, kamar ta lambu ko ta gefen fadama. Gwajinta ba wuya. A jiƙa ta kaɗan, a dunƙula a hannu. Idan ta dunƙulu, kuma aka taɓa ta da yatsa ta marmashe, ta yi. Idan ta ƙi dunƙuluwa, yashi ya yi yawa. Idan ta manne a tafin hannu, laka ta rinjaya.

Kada a ɗebo ƙasa daga gonar da aka zuba wa takin zamani ko maganin ƙwari ba da daɗewa ba. Haka kuma ƙasar juji, ko da ta yi baƙi, domin takan ƙunshi ruwan sabulu da toka da gishiri. Gishiri da kanwa guba ne ga dodon koɗi, nan take suke tsotse ruwan jikinsa.

Bayan an tankaɗe ƙasar, a gasa ta cikin rabin ganga bisa wuta, ana juyawa, domin ƙwayayen ƙwari su mutu. Idan ta huce sai a gauraya ta da garin kwanson ƙwai, ko garin ƙashi, ko niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa wanda ba a ƙona ba. A zuba ta zurfin inci 6, ko inci 8 zuwa 10 a gurbin masu ƙwai, sa'an nan a rufe da busasshen ganyen ayaba. Yayyafi ake yi mata da yamma, ba kwarara ba, kuma da bazara safe da yamma. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi. Bayan kowane wata 3 a sake ƙasar, amma a duba ƙwai tukuna. Nau'in Archachatina marginata, wanda aka fi kiwo a Nijeriya, ƙwansa manya ne, ba su kuma cika wuce 12 a zubi ɗaya ba, don haka kowane guda abin tattali ne.

Abokan Gaba

Laimar da dodon koɗi yake so, ita ce shanshani yake so. A ƙasar Sin kiwon shanshani ake yi domin haɗa magungunan gargajiya, amma a gurbin dodon koɗi ɓarawo ne, yana shiga da dare ya cinye ƙanana, yana kuma harbin mutum. Saboda haka kada a tura hannu ƙarƙashin ganye sai an ɗaga shi da sanda. Kwarkwasa ta fi shi ɓarna, domin a dare ɗaya takan gama da gurbi. A sa ƙafafun akwati cikin gwangwanaye masu baƙin mai, gurbin bulo kuma a kewaye shi da 'yar kwata mai ruwa. Ɓera da gafiya da ƙadangare da kwaɗo da kajin gida, raga ce maganinsu.

Ragar tana kuma hana tserewa. A shekarar 1966 wani yaro ya kai dodon koɗi guda 3, na nau'in Achatina fulica, birnin Miyami na Amurka, aka sake su a lambu. Kafin a kawar da zuriyarsu an kama fiye da 18,000, an kuma kashe wajen dala miliyan 1. Ranin Bauchi ba zai bar su su yaɗu haka ba, amma maƙwabci mai lambun latas ba zai yi godiya ba.

A kammala ɗaki da ƙasa kafin a sayo iri, kuma a sayo shi a watan Yuni, domin ya saba da wurin kafin rani. A nema daga gonar kiwo, ba daga tulin kasuwa ba, inda suke kwana a rana ba ci ba sha. Mai bukatar ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi, ko sashen aikin gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.