Ba Kowace Laka Ce Ke Zama Tukunya Ba

Mun sha ganin yaro ya komo daga lakwal ransa a ɓace, don asusun da ya gina ya tsage tun kafin a gasa shi. Galibi laifin na yumɓu ne. Baƙin yumɓun bakin tafki yana da danƙo da daɗin sarrafawa, amma yakan tsuke ƙwarai idan ya bushe, shi ya sa magina ke haɗa shi da dakakken tsingaro ko rairayi. Wanda yashi ya yi wa yawa kuwa ba ya riƙe siffa.

Gwajin ba wuya. Malami ya murza ɗan curi kamar igiya, ya naɗe a yatsa: in ya karye, danƙonsa bai kai ba. A tsince tsakuwa, a tsima kowane iri a mazubinsa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Shanya kuwa sai a inuwa, musamman da hunturu.

A ganinmu, makarantar da ke kusa da garin magina irin Mirya, a yankin Damagaram, ta gayyato tsohuwar magina guda ta taɓa yumɓun kafin yara su soma.