Jijiyar da ta Matse a Idon Sawu

A Hausa kalmar "jijiya" ɗaya ce ga hanyar jini da igiyar tsoka da kuma zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ɗan dako a Kasuwar Bodija ta Ibadan, wanda ya wuni yana sauke buhunan wake da masara daga motocin Arewa, idan tafin ƙafarsa ya dinga zugi da minjirya cikin dare, sai ya ce sanyi ne ko mataccen jini, ya koma unguwar Sabo ya nemi wanzami. Ƙaho kuwa jini yake ja, ba ya buɗe wa jijiya hanya.

A bayan ƙashin idon sawu, ta gefen ciki, akwai wani ɗan lungu mai rufin tantani mai tauri. Ta nan jijiyar da ke ba tafin ƙafa ji take ratsawa, kafaɗa da kafaɗa da hanyoyin jini da igiyoyin tsoka. Wurin ba ya da sarari. Tsohon targaɗe, karayar da ta ɗoru a karkace, ƙari, ko shafaffen tafin ƙafa, kowanne na iya cushe shi. A 1962 likitoci biyu, Keck da Lam, kowa daban, suka bayyana wannan ciwon na matsewar jijiya. Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura: likita ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa, mai ciwo ya ji kamar lantarki ya tsarga har 'yan yatsu.

Ba a farawa da wuƙa. Sai an gwada hutu, canjin takalmi, matashin tafin ƙafa da allura tukuna. Idan abin ya ƙi, a babban asibiti irin na koyarwa na Ibadan, UCH, wanda aka buɗe a 1957, likita kan tsaga fatar bayan idon sawun, ya yanke rufin nan, ya bi rassan jijiyar yana kwance duk abin da ya shaƙe su. Aikin ya fi yin kyau idan an ga takamaiman abin da ya danne ta. Mai ciwon suga da ƙafafunsa biyu suka yi dindiris, nasa lissafin daban ne, don sau da yawa jijiyar ce kanta ta lalace.

Ɗinki kan yi kamar mako biyu zuwa uku, kafin a soma taka ƙafar sannu a hankali. Ji kuwa watanni yake ɗauka kafin ya dawo, kuma ga mai cin abinci da dako, makonnin zaman nan su ne ainihin tsadar tiyatar.