Garau da 'Yan'uwanta: Nazarin Kalmomin Bayyana Haske da Tsarin Ƙwaya a Hausa

Wannan maƙala za ta duba yadda Hausa ke bayyana abin da ido ke ratsawa ba tare da wani shamaki ba, da kuma matsalar da ke tasowa idan aka zo fassara kalmar kimiyya ta kiristal.

Yawancin kalmomin da ke ɗauke da wannan ma'ana amsa-kama ne, ajin da Doke (1935) ya fayyace a harsunan Bantu, Newman (1968) kuma ya nazarci ginin jumlarsa a Hausa. Dubi waɗannan misalai:

(1) Ruwan ya kwanta garau.
(2) Wata ya fito tar.
(3) Gari ya yi wasai.
(4) Na gane sarai.

Kalmomin ba su maye gurbin juna kai tsaye. Garau tana nufin rashin gurɓata, shi ya sa ake kishiyantar da ita da ruwan da ya dame. Daga nan ma'anarta ta faɗaɗa zuwa lafiyar jiki, kamar a "ya warke garau", wato cuta a tunanin Bahaushe tamkar laka ce da ta kwanta. Tar kuwa ƙarfin haske take nunawa, wasai kuma yayewar abin da ya rufe, hadari ne ko damuwa. Sarai ta fi karkata ga ji da fahimta. Fes da tas na tsabta ne: riga na iya wankuwa fes, amma ba a cewa ta yi garau.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a kimiyyance ba haske ke mai da abu kiristal ba, jeruwar ƙwayoyin zarra ce bisa tsari mai maimaituwa. Ƙwayar gishiri fuska shida gare ta, ko da ba a hango komai ta cikin tarinsa. Gilashi da ƙarau kuwa garau suke, alhali ba su da wannan tsari.

Wasu masu fassara kan ɗauki lu'ulu'u. A ganinmu akwai gyara, domin asalin kalmar a Larabci abin da ake cirowa daga cikin kawa take nufi, mulmulalle marar kusurwa, kuma a bakin Bahaushe daraja take kawowa a rai kafin siga. Ɗalibin da aka ce wa gishiri lu'ulu'u ne, tsada zai fara tunawa. Zai fi dacewa a aro kiristal don tsari, a bar wa garau aikinta na bayyana abin da ido ya gani.