Makomar baƙaƙe masu lanƙwasa a musayar takardu tsakanin na'urorin biro

A ma'aikatu da yawa, kwamfutocin biro, waɗanda aka fi sani da ordinater, a haɗe suke da juna ta waya ko ta iska, tare da wata babbar na'ura da ake ajiyar takardu a cikinta. Sakatare yakan buga rahoto a ɗakinsa, darakta ya buɗe shi a nasa, ba tare da kowa ya tashi ba. Rubutun Faransanci kan isa lafiya ta wannan hanya. Na Hausa kuwa ya daɗe yana isa da rauni.

Dalili shi ne, abin da ke ratsa waya lamba ce, ba siffar harafi ba. Na'urar da ta karɓa ita ke mai da kowace lamba harafi, bisa jadawalin da aka shirya mata. Jadawalin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi. Na ISO 8859-1, na shekarar 1987, ya kai 256, ya shigar da é da è da ç, amma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Saboda haka masu buga Hausa suka yi dabara: suka ƙera zubin haruffa na musamman, inda ake aron gurbin wata alama a ɗora masa siffar ƙ ko ɗ. Muddin takarda na kan na'urar da aka buga ta, babu laifi. Da zarar ta ƙetara zuwa wadda ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta dawo tsakiyar kalma. Wasu suka gaji, suka yar da lanƙwasar gaba ɗaya, alhali ita ce ke raba ƙafa da kafa, da kuma ƙasa da kasa.

Tsarin Yunikod, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Sai dai tsofaffin takardu ba sa gyaruwa da kansu, dole a bi su a musanya lambobin. Akwai kuma sauran aiki ga masana harshe. Ƙa'idar rubutu da Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ, ta Najeriya kuwa da 'y. Wanda ya nemi ƴaƴa a ma'ajiyar biro, na'ura ba za ta kawo masa 'ya'ya ba, domin a wurinta kalmomi biyu ne.

Tsarin PDF, da kamfanin Adobe ya fitar a 1993, yana tafiya da zubin haruffa a cikin takardar, don haka shafi kan isa yadda aka tsara shi. Amma in da tsohon zubi aka buga shi, mai kwafe matanin zai tarar ɓarnar na nan a ƙarƙashi.

Hoto kuma wani sha'ani ne dabam. Rubuce-rubucen ajami irin waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Boubou Hama ya faro tarawa, in an ɗauki hotonsu, ɗige-ɗigen launi kawai na'ura ke gani. Ba a nemo shafi sai da sunan da aka raɗa masa da bayanin da aka haɗa masa. Ya fi kyau a ajiye asali a tsarin TIFF, a aika kwafi a JPEG, domin JPEG yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da ƙananan bayanai, kuma duk sa'ad da aka gyara hoton aka sake adana shi, yakan ƙara dusashewa. A rubutun warshu kuwa, ɗigo ɗaya a ƙasa ko a bisa shi ke bambanta fa da ƙaf.