Kafin Ka Taka Sayyada a Birnin Kano

'Yan kasuwa da yawa sukan zo Kano daga Maraɗi, Damagaram, Jos ko Yola, su sauka a tasha, su hau Adaidaita Sahu zuwa Kantin Kwari ko Singa, su yi sari, su ɗaure kaya, su juya. In ka tambaye su, sai su ce sun san Kano. Kai, ko a cikin 'yan gari akwai wanda aka haifa a Hotoro ko Rijiyar Zaki, har ya yi iyali bai taɓa sa ƙafa a Kasuwar Kurmi ba. Hujjar kusan ɗaya ce: lungu ya yi yawa, za a ɓata, za a ƙwace waya. Tsoron yana da tushe, sai dai ba a ajiye shi a muhallinsa ba. Mai tafiya a ƙasa ya fi shiga haɗari a bakin manyan tituna da wuraren da ba kowa, ba a lungun da kowane zaure yake da mai zama ba.

Cikin birni dai ba don mota aka gina shi ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa, da ya hau a 1463 ya rasu a 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Lungunan da ke tsakanin waɗannan wurare an bar musu faɗin mutum ne da jaki da kayansa. Wanda ke cikin mota ba abin da zai gani sai bayan shaguna.

Mai son gani ya faro daga Ƙofar Mata da hantsi. A karofi zai tarar da marina zaune a bakin rami suna tsoma yadi cikin ruwan baba da toka, suna ɗagowa ya sha iska, domin iskar ce ke fito da shuɗin. Kafin ya ga mabuga zai ji ƙarar bugunsu. Daga nan ya miƙe yamma, ya wuce Asibitin Murtala zuwa Babban Masallaci, ya zagaya Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, ya leƙa Gidan Makama inda aka adana kayan tarihi, sannan ya nufi Kurmi. A Kurmi ne tafiya ke yin daɗi, don kowane layi da warinsa ko ƙamshinsa: dukawa da jar fata, masu linzami da sirdi, masu kanwa, masu kimba da masoro, masu tasbaha da littattafai. Unguwannin da ke kewaye ma kowace da asalinta. Yarbawa ne suka zauna Ayagi, Larabawan Arewacin Afirka suka zauna Dandalin Turawa, malaman Wangarawa suka yi Madabo, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Sharifai inda zuriyar Shehu Magili take. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Dutsen Dala. Daga kansa Bature Heinrich Barth ya zana hoton garin a 1851, shi ne kuma ya ba da labarin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus.

A duk wannan tafiya, garkuwar baƙo ita ce sallama. Lungun cikin birni yana da ido. Dattijon da ke kan dakali da matasan majalisa sun san na gida, sun san baƙo. In ka wuce su shiru kana waige-waige, ka zama abin zargi. In ka yi sallama ka ce, "Baba, don Allah ta ina zan ɓulla Kurmi?" ba mamaki a haɗa ka da yaro ya raka ka. Matambayi ba ya ɓata, kuma taswirar waya ba ta san lungun da bai ɓulle ba. Zaure shi ne iyakar namiji baƙo. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton matan aure, ko almajirai, ko mai sana'a ba da izini ba. A ganina ma, wanda ya tsaya ya sha kallo a karofi har ya yi hotuna, rashin kunya ne ya tafi bai sayi ko ɗankwali ba.

Matsalar tana farawa ne da zarar an fito titi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta cika gari, kuma direbanta yakan yanko gefe ba sigina da zarar ya hango fasinja. An yi gadojin sama, irin ta Ƙofar Nasarawa, amma motoci aka yi wa. Gefen titin da ya kamata ya zama na masu ƙafa kuwa, masu tebur da masu baro da motocin da aka ajiye sun cinye shi, dole mutum ya sauko kan kwalta. To in ya zama dole, a bi hannun hagu, ana fuskantar abin hawan da ke tahowa, kada a ba shi baya. Wajen tsallakawa a duba ɓangare biyu ko da titin mai hannu ɗaya ne, don masu bin hannun da ba nasu ba sun fi a ƙirga. A cire abin sauraro daga kunne. Yaro kuma a riƙe shi ta ɓangaren da ba titi ba.

Sai ƙwacen waya, wanda ya kai har a 2023 gwamnatin jihar ta ce za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Masu yin sa duhu suke jira da kaɗaici: bayan magariba, ko da asuba, a gindin badala, bakin kududdufi, gefen maƙabarta, ƙarƙashin gada. Hasken wayar da ke hannunka shi ke kiran su. In kira ya shigo, raɓa jikin shago ka amsa, ka mayar aljihun gaba. Ke kuma jaka ta koma ƙarƙashin mayafi, ba a kafaɗar da ke kallon titi ba. Idan ƙaddara ta faɗa aka zare maka makami, miƙa kawai. An rasa rayuka a Kano a kan wayar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Tun a gida ka danna *#06# ka rubuta lambar da ta fito a takarda, don ita 'yan sanda za su nema. Abu na farko bayan an karɓe waya shi ne rufe layi da asusun banki, tunda yanzu kuɗin da ke ciki ɓarayin suka fi so. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, saboda haka a fita da sassafe, a nemi inuwa kafin azahar, a riƙe ruwa da hula ko lema. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya hau Dala da rana tsaka. Da damina, musamman Yuli da Agusta, ruwa kan shafe titi har a kasa bambance kwalta da kwata, ga kwalbatoci da yawa ba murfi. In ba ka ga ƙasa ba, fake ka jira ya janye, kada ka kusanci rafin Jakara yana cike. Ranar Juma'a kuwa hanyoyin da ke kewaye da masallatai kan toshe tun kafin a tayar da salla, Kurmi ma takan yi sanyi, don haka mai son ganin kasuwa tana ci ya zaɓi wata rana. A sa takalmi mai rufi, a sanar da wani a gida unguwar da aka nufa, kuɗin motar komawa kuma a ware shi a aljihu daban.