Me Ya Sa Wayarki Take Zafi?

Uwargida ta Romi, kin lura wayarki tana ɗaukar zafi? Lantarki ne ke kutsawa cikin ƙarfe, sai wani kashi na cajin da kika biya ya salwanta.

Masana suna neman magani cikin mayen ƙarfe. Dubi dawa in iska ta kaɗa: kara bai bar gurbinsa ba, amma rangaji ya ratsa gona. Haka ƙwayoyin mayen ƙarfe suke miƙa wa juna saƙo, ba gudun lantarki. Felix Bloch ya bayyana wannan a 1930. A wasu irinsa, rangajin yakan bi gefe, ba ya juyowa baya.

Abin bai kai kasuwa ba tukuna. To, ki sa 'yarki ta riƙe lissafi da kyau. Watakila hannunta ake jira.